Kwintiliyan: Malamin Rum da ya mayar da aji dandalin muhawara

A zamanin Sarki Besfasiyan, wanda ya mulki Daular Rum daga shekara ta 69 zuwa ta 79 Miladiyya, aka yi abin da ba a taɓa yi ba a birnin Rum, wato aka yanka wa malaman balaga albashi daga baitulmali. Kafin nan malamin makaranta tamkar mai sana'ar hannu yake, ya kama ɗaki ko rumfa, ya zauna jiran abin da iyayen yara za su miƙo masa. Albashin da aka yanka shi ne sestas 100,000 a shekara, a lokacin da sojan ƙasa yake karɓar 900. Sarkin kuwa ya yi suna wajen maƙo, domin har fitsarin da ake kwasa daga wuraren bahaya na jama'a don wankin tufafi sai da ya ɗora wa haraji. Mutumin da tarihi ya ambata a matsayin na farko da ya ci wannan albashi shi ne Markus Fabiyus Kwintiliyanus, wanda aka fi sani da Kwintiliyan.

An haife shi wajen shekara ta 35 a garin Kalaguris, wanda yau ake kira Kalahora, a bakin kogin Ebro da ke arewacin Sifaniya. A lokacin Sifaniya tana ƙarƙashin Rum, manyan gidajenta kuma Latinanci suke yi. Mahaifinsa ma ya san balaga, kuma tun yana matashi Kwintiliyan ya tafi birnin Rum neman ilimi. Al'adar zamanin ita ce saurayin da ke son zama lauya ya liƙe wa wani gwani, ya riƙa binsa kotu yana saurare. Shi ya bi Domitius Afer, ɗaya daga cikin fitattun lauyoyin birnin. Ya ga ganiyarsa, ya kuma ga tsufansa, domin Afer ya ƙi barin kotu bayan kaifinsa ya dushe, har ta kai in ya tashi magana wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai don kunya. Abin ya zauna wa almajirin a rai. Shekaru da yawa bayan haka ya kawo labarin a littafinsa, yana gargaɗin mai magana da ya sauka tun ana marmarinsa.

Afer ya rasu a shekara ta 59. Kwintiliyan ya koma gida, sai a 68 ya dawo Rum cikin ayarin Galba, gwamnan da ya yi wa Nero tawaye ya karɓi sarauta. Wata bakwai Galba ya yi a kan gado aka kashe shi, shekarar 69 kuwa sarakuna huɗu ta gani. Kwintiliyan ya fita daga hargitsin lafiya, ya buɗe makaranta, ya yi shekara 20 yana koyarwa.

Bai bar zuwa kotu ba duk da haka. Ya taɓa tsaya wa Sarauniya Berenis ta gidan sarautar Yahudiya, ya kuma kare wani mutumin garin Arpinum da aka zarga da jeho matarsa daga sama, inda duk shari'ar ta tsaya a kan ko jeho ta aka yi ko ita ta faɗo da kanta. Wannan jawabi shi kaɗai ya wallafa da hannunsa, daga baya kuma ya amsa cewa son suna irin na ƙuruciya ne ya sa shi. Sauran jawabansa masu saurin rubutu ne suka kwafa suna sayarwa cike da kurakurai. Ɗalibansa ma sun tattara darussan da ya yi musu da baki, suka yaɗa su da sunansa ba da izninsa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa, bayan ya ajiye aiki, ya zauna ya rubuta abin da ya sani da kansa. Cikin shekara biyu da ɗoriya ya gama littafin nan Institutio Oratoria, wato Tarbiyyar Mai Jawabi, mai juzu'i 12, wanda ya fito wajen shekara ta 95.

Littattafan balaga da suka gabace shi daga matashin da ya riga ya yi karatu suke farawa. Kwintiliyan ya fara nasa ne daga jaririn da ke goye. Ya ce a zaɓi mai renon da bakinta yake da tsabta, domin kalmominta yaro zai fara kwaikwaya. Bai yarda a jira shekara bakwai kafin a soma karatu ba, amma ya ja kunne kada a sa yaro ya tsani abin da bai kai ga sonsa ba tukuna. Ya so a ba shi haruffan da aka sassaƙa da hauren giwa ya yi wasa da su, a kuma ƙwaƙule siffar haruffa a allo ya riƙa bin ramin da alƙalami har hannunsa ya saba. Ya kwatanta hankalin yaro da tulu mai ƙaramin baki, in aka kwarara masa ruwa sai ya zube, in aka tsiyaya a hankali sai ya cika.

Masu kuɗin Rum da yawa sun fi son ɗauko wa 'ya'yansu malami a gida, bisa tsoron kada makaranta ta ɓata musu tarbiyya. Kwintiliyan ya amsa musu da cewa sau tari daga gida yaran suke zuwa da ɓarnar, inda aka shagwaɓa su aka kuma yi batsa a gabansu. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce wanda zai yi rayuwarsa yana magana a gaban jama'a dole ya saba da idon mutane tun yana ƙarami. Yaron da ya yi karatu shi kaɗai ko dai ya dusashe, ko ya kumbura da girman kai, tunda ba shi da wanda zai auna kansa da shi. A cikin aji kuwa yana jin gyaran da ake yi wa wani ya amfana. Ya tuna yadda malamansa suke jera ɗalibai bisa ƙwazonsu, mafi gwaninta ya fara jawabi, bayan kwana 30 kuma a sake gasar, don kada na gaba ya miƙe ƙafa, na baya kuma ya sami damar wanke kansa. A cewarsa wannan gasa ta fi nasihar malamai da addu'ar iyaye zaburar da su.

Karatun adabi a wurin malamin nahawu yake farawa, kuma Kwintiliyan ya goyi bayan a soma da waƙoƙin Homa na Girkanci da na Birjil na Latinanci, ko da yaro bai kai ga gane zurfinsu ba, domin ba sau ɗaya zai karanta su ba a rayuwarsa. A bayyane ake karatun. Yaro ya koyi inda zai ja numfashi, inda ma'ana ta ƙare, inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta. Ƙa'ida guda ya bayar a kan wannan duka, ita ce yaron ya fahimci abin da yake karantawa. Wanda bai gane jimla ba, muryarsa za ta tona masa asiri. Daga nan sai hikayoyin dabbobi na Isof, waɗanda suka fi kusa da tatsuniyoyin da yaro ya ji a gida. Ya faɗe su da bakinsa cikin sauƙaƙan kalmomi, sannan ya rubuta su. In ya ƙware, a ba shi baitin waƙa ya warware shi zuwa zube, ya sake shi da wasu kalmomi, ya taƙaita a wani wuri ya faɗaɗa a wani, ba tare da ya ɓata manufar mawaƙin ba. Kwintiliyan ya ce wannan aiki ko ga manyan malamai yana da wuya, kuma wanda ya iya shi babu abin da zai gagare shi koyo.

In yaro ya shiga ajin balaga, sai labarin da ya karanta ya zama abin jayayya. Littattafan tarihin Rum sun ce macen kyarkeci ce ta shayar da Romulus wanda ya kafa birnin. Sun kuma ce wani jarumi mai suna Valerius yana karawa da wani ƙaton abokin gaba, sai hankaka ya sauka a kansa ya riƙa kai wa ƙaton sara a fuska. To, sai a nemi ɗalibi ya kawo hujjar da za ta tabbatar da labarin ko wadda za ta rushe shi. Bayan wannan sai yabon mutanen kirki da sukar miyagu, da kwatanta mutum biyu a ga wanda ya fi. Sannan a shiga tambayoyin da kowane ɗan makaranta na yau zai gane su a take: zaman birni ya fi ko na ƙauye, lauya ya fi cancantar yabo ko soja, ya kamata mutum ya yi aure, ya kamata ya nemi muƙami. Mafi wuyar cikinsu ita ce a ɗauko doka a kare ta ko a soke ta.

Akwai wani darasi da ya fi ƙauna. A sa aji ya yi shiru, a zaɓi yaro ɗaya ya tashi ya karanta jawabin wani babban lauya kamar Sisero, ko wani yanki na tarihin da Libi ya rubuta. Malami ya fara bayyana shari'ar da aka yi jawabin a kanta, sannan ya riƙa tsayar da karatun yana nuna yadda mai maganar ya jawo hankalin alƙalai, inda ya ɓoye dabara, inda ya sa dariya, inda ya sa tausayi. Wani lokaci kuma a kawo jawabin banza wanda jama'a ke yabawa, a feɗe shi a gaban yara su ga kumfar da ke ciki. Malamin ya yawaita tambaya, ya gwada hukuncin ɗalibansa, domin yaron da ya san za a iya tambayarsa ba ya gyangyaɗi. Manufar koyarwa a wurinsa ita ce a kai ɗalibi inda zai daina bukatar malami. Ya kuma so a karanta jawaban ɓangarori biyu na shari'a ɗaya, kamar na Demostenis da abokin hamayyarsa Eskinis a birnin Atina, kuma a maimaita littafi kamar yadda ake tauna abinci kafin a haɗiye. Kwintiliyan bai ɓoye cewa da ɗalibai kaɗan ya sami damar yin wannan darasi ba, saboda al'adar makarantu ta riga ta kafu a kan wata hanyar.

Wannan hanya da ta kafu ita ce yaro ya rubuta jawabinsa, ya haddace, ya zo ya zuba a ranar da aka tsayar. Iyaye suna son haka, domin da yawan jawaban suke auna ko kuɗinsu ya yi aiki. 'Yan aji kuma sukan miƙe su yi ta sowa da tafi ga duk wanda ya yi magana, bisa sharaɗin shi ma zai rama musu. Kwintiliyan ya ƙi jinin wannan biki, ya ce kowa ya dubi fuskar malami ya san abin yabo da abin gyara. Ya kuma fi son yaro ya haddace zaɓaɓɓun sassa daga manyan marubuta da ya haddace nasa ɗanyen rubutu. Amma wajen gyara ya nemi a sassauta hannu. Ya fi farin ciki da yaron da ya cika ado a magana da wanda maganarsa ta bushe, domin yawa ana iya rage shi, shekaru ma za su rage.

A kan bulala kuwa bai yi sassauci ba, alhali duka ruwan dare ne a makarantun Rum. Ya ce hukuncin bayi ne, kuma cin mutunci ne wanda kowa zai gane da a ce babba aka yi wa. Yaron da faɗa bai gyara shi ba zai saba da duka ya taurare. In kuma da bulala aka kora shi yana ƙarami, da me za a kora shi in ya girma, lokacin da karatun ya fi wuya? Ya ƙara da abin da malamai ba su cika son ji ba, cewa sakacin malami ne ke haifar da bukatar duka, kuma ikon duka yana ba mugayen mutane damar cin zarafin yaran da ba su da mai kare su. Ya so malami ya ɗauki kansa a matsayin uba ga ɗalibansa.

Ƙololuwar karatun ita ce jawabin gwaji, wanda ya kasu gida biyu. A na farko ɗalibi yana ba wani mutum na tarihi shawara, misali ko Sisero ya ƙona rubuce-rubucensa don Antoni ya bar shi da rai. A na biyu ana ƙirƙiro shari'a, a ba da doka da labari, ɗalibi ya tsaya wa mai ƙara ko wanda ake ƙara. A nan ne makarantun Rum suka sha suka. Labaran sun cika da 'yan fashin teku da azzaluman sarakuna da bokaye da kishiyoyin uwa masu guba, abubuwan da lauya zai yi shekaru a kotu bai gamu da su ba. Marubuta irin su Petronius da Tasitus sun yi wa abin ba'a, suna ganin makarantun wawaye suke yayewa. Kwintiliyan ya yarda da rabin sukar. Ya ce laifin na malamai ne, gwajin kansa yana da amfani matuƙar an kusantar da shi ga abin da ke faruwa a kotu, aka sa sunaye, aka kawo rikici irin na gaske.

Tasitus ya hango abin da ya wuce laifin malamai. A littafinsa kan masu jawabi ya sa wani ya kawo hujjar cewa babbar fasahar magana ta bunƙasa ne a zamanin jamhuriya, lokacin da jawabi a majalisa yake iya juya ƙasa, kuma ta yi sanyi ne da al'amura suka koma hannun mutum ɗaya. Ɗaliban Kwintiliyan suna la'antar azzaluman ƙage a cikin aji, a waje kuma Sarki Domishiyan ne ke mulki, daga 81 zuwa 96. A shekara ta 93 ya sa aka kashe Arulenus Rusticus da Herennius Senecio saboda sun rubuta yabon mutanen da sarauta ta ƙi, aka ƙona littattafansu a bainar jama'a, aka kori masana falsafa daga birnin. Wannan sarki ne ya damƙa wa Kwintiliyan tarbiyyar jikoki biyu na 'yar'uwarsa, waɗanda ya ayyana a matsayin magadansa, aka kuma ba malamin lambar girma ta kwansul, darajar da malamin makaranta bai saba mafarkinta ba. Kwintiliyan ya biya da yabo. A farkon juzu'i na huɗu ya ɗaga Domishiyan zuwa matsayin abin bauta, a na goma kuma ya sa shi a sahun manyan mawaƙa. A shekara ta 95 sarkin ya kashe mahaifin yaran, Flavius Clemens, ya kori mahaifiyarsu zuwa tsibiri.

Wannan tabo ne, kuma ya fi fitowa saboda abin da littafin ya ginu a kai. Kwintiliyan ya ɗauko ma'anar mai jawabi daga Kato na dā, cewa shi mutumin kirki ne da ya iya magana, ya kuma nace a juzu'i na 12 cewa mugu ba zai taɓa zama cikakken mai jawabi ba, kuma koya masa balaga daidai yake da miƙa wa ɗan fashi makami. Ana iya cewa a zamanin Domishiyan magana zarar bunu ce, wanda ya ƙi yabo yana iya rasa kansa. Gaskiya ne. Amma akwai waɗanda suka yi shiru, akwai kuma waɗanda suka mutu, shi kuwa ya zaɓi yabo. Abin da za a faɗa a kare shi shi ne ya tsare wani abu da zai wuce zamanin sarkin, wato ajin da yaro yake koyon sauraren hujjar abokin hamayya kafin ya amsa. Daga cikin ɗalibansa akwai Filini Ƙarami, wanda ya zama lauya, ya zama kwansul, ya kuma yi gwamnan lardin Bitiniya, kuma ya ambaci malamin nasa a wasiƙunsa.

A tsakiyar littafin, a gabatarwar juzu'i na shida, malamin ya ajiye darasi ya ba da labarin gidansa. Matarsa ta rasu ba ta cika shekara 19 ba, ta bar masa 'ya'ya maza biyu. Bayan 'yan watanni ƙaramin ya bi ta yana ɗan shekara biyar. Kwintiliyan ya ɗora dukkan burinsa a kan babban, yaro mai kaifin basira da zaƙin murya, wanda yake furta haruffan Girkanci da na Latinanci daidai. Yana gaggawar rubuta littafin ne dare da rana don ya zama gādon yaron, ko da mutuwa ta ɗauke uban, ɗan ya ci gaba da samun mahaifinsa a matsayin malami. Sai yaron ya kwanta ciwo yana cikin shekararsa ta goma. Wata takwas ya yi yana jinya, shi ne ma yake rarrashin mahaifinsa, kuma a cikin magagin ajali maganar karatu yake yi. Uban ya rubuta cewa ya yi tunanin da ya jefa rubuce-rubucensa cikin wutar da aka ƙona gawar ɗansa, kamar yadda Rumawa suke yi wa mamatansu. Bai jefa ba, ya ci gaba ya rubuta juzu'i bakwai da suka rage, ya roƙi mai karatu ya yi masa uzuri in ya ga ƙarfinsa ya ragu.

An kashe Domishiyan a watan Satumba na shekara ta 96, ana kuma kyautata zaton Kwintiliyan bai daɗe bayan haka ba ya rasu. Littafinsa ya yi ƙarnuka yana yawo a Turai a gutsure, manyan sassa sun ɓace daga kwafin da ke hannun malamai. A shekara ta 1416 wani magatakardan fadar Fafaroma mai suna Poggio Bracciolini, wanda ya je taron malaman coci a garin Konstans, ya ziyarci gidan masu zuhudu na Sankt Gallen da ke ƙasar Suwizalan ta yau. A can ya tarar da cikakken littafin a ƙasan wata hasumiya mai duhu, ƙura ta lulluɓe shi. Ya kwafe shi da hannunsa ya aika Italiya, a shekara ta 1470 kuma aka buga shi a injin ɗab'i a birnin Rum. Daga nan masu gyaran ilimi irin su Erasmus suka ɗauke shi, tsarinsa na karatu a bayyane da sake labari da muhawara ya shiga makarantun Turai na ƙarni na 16.